Ƙorafi kan Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Daga: Tsohon direban babbar mota, mahaifin ɗan tsere mai lamba 46,
Gida na ƙarshe, layin bayan gareji.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Tseren Keke.

Kwanan wata: 9 ga Satumba, 2024.

Game da: Ɓoye sunan allurar da aka yi wa ɗana, da halin da yake ciki a yau.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ban saba rubuta wa ofis takarda ba, roƙo ma ban saba ba. Na zo da ƙafata sau uku ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto.

Autana, ɗan shekara ashirin da bakwai, shi ne wanda hukumarka ta dakatar na shekara huɗu ranar 12 ga Afrilu, bayan gwajin jini ya nuna maganin ƙara kuzari. Ba neman sassauci ya kawo ni ba. Ba yaro ba ne, da hankalinsa ya miƙa hannu aka soka masa allura, kuma na faɗa masa haka a gaban matarsa. Ƙorafina daban ne, ga shi kamar haka:

1. Lafiyayye na miƙa shi. Tun yana ɗan shekara sha biyar nake horar da shi. Ina gaba a kan babur ina tare masa iska, yana bayana a kan keke, tsakanin tayata da tasa bai wuce taƙi ɗaya ba. Haka muke cin kilomita ɗari da hamsin ba mu ce wa juna uffan ba. Da kunne nake sanin ya gaji, idan numfashinsa ya canza sai in sassauta. Ruwa, abinci da barci, ban taɓa ƙara masa wani abu a kan waɗannan ba.

2. A ƙungiyar da ta ɗauke shi, wadda ke aiki da lasisin hukumarka, ba shi ke cin tsere ba. Aikinsa ya koma baya wurin motar ƙungiya, ya cusa gorunan ruwa a riga, ya kai wa gwanin ƙungiya, ya tare masa iska har dab da ƙarshe, sannan ya kauce a ɗauki hoton wani. Tanka suke kiransa, shi ma yana dariya. Likitan ƙungiyar yana yi musu allura daga kwalabe iri uku da aka ɓare wa takarda. Da launin murfi suke gane su: fari bayan tsere, ja kafin hawan tsauni, shuɗi a makonnin horo. Duka bitamin ake ce musu. Wanda ya cika tambaya, a gida zai kalli tsere na gaba.

3. Ranar 3 ga Yuni ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, yana ɗauke da 'yarsa. Allah Ya tsare yarinyar. A asibiti aka ce zuciya ce. Likitar zuciya ta duba sakamakon gwajinku, ta ce abin da kuka gano shi kaɗai bai isa ya yi wannan ɓarna ba. Farin dai ɗana ya taɓa ganinsa da takardarsa, bitamin ne da gaske. Jan yana zaton shi ne kuka kama. Shuɗin ne ba wanda ya sani, kuma ya riga ya bar jininsa, gwaji ba ya nuna shi. Likitar ta ce akwai maganin da take son sa shi a kai, amma ba za ta yi ba sai ta san abin da ya shiga jikinsa, don kada ta ƙara masa wani ciwon. Wata uku ke nan tana lalube a cikin duhu.

4. Likitan ƙungiyar ya shaida wa kwamitinku cewa bai taɓa yi wa kowa allura ba. Ba ya ɗaukar wayata. Mai horarwa ya toshe lambata. Cikin duk waɗanda Auta ya yi wa dakon ruwa, mutum ɗaya ne ya zo dubiya. Ya zauna a bakin gado yana kallon takalminsa, da na yi masa maganar kwalbar ya ce yana da iyali. Ban ga laifinsa sosai ba.

5. Ranar 20 ga Yuni sakatarenka ya ce maganar ta kwamitin ladabtarwa ce. Ranar 8 ga Yuli kwamitin ya ce an rufe shari'ar. Ranar 15 ga Agusta na wuni a kan bencin baranda har aka kulle ofis. Masinjanku ya ba ni ruwa, ina gode masa. Amma a makon da aka dakatar da Auta, mota ta zo har ƙofar gidana karɓar lasisinsa da keken ƙungiya. Da hannuna na wanke keken, na shafa wa sarƙar mai, na miƙa. Ashe dai hukuma ta san hanyar gidana.

6. Ranar Lahadin da ta wuce na ga likitan nan a talabijin, tsaye a bakin titi kusa da motar ƙungiya, da jakarsa a kafaɗa. Waɗanda ke wucewa ta gabansa ma 'ya'yan wasu ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina neman abu ɗaya. Lasisin likitan nan na shiga tsere a hannunka yake. Ka kira shi, ka tambaye shi abin da ke cikin kwalba mai shuɗin murfi, da yawan da ya zuba wa ɗana. Ba sai an faɗa mini ba, ko an rubuta sunan maganin ba lallai in iya karantawa ba. A aika wa likitar zuciya kai tsaye, na haɗa lambar wayarta da wannan takarda. Hukuncin da ya dace da shi kuwa, wannan aikinka ne, ba zan koya maka ba. Dakatarwar ɗana a bar ta yadda take. Ba zai sake hawa keke ba ko an ɗage.

Za mu koma asibiti ranar 24 ga wannan wata. Ɗakin likitar a hawa na biyu yake. Ni ke shiga gaba a matakala, yana biye da ni kamar dā, ina sauraron numfashinsa. Yanzu tun kafin mu kai rabi nake sassautawa. Shekarata saba'in da ɗaya, bai kamata a ce ni ke jiran sa ba.

Ina fatan amsa ta riga mu isa can. Allah Ya ƙara girma, Ya taya riƙo.

Naka cikin ladabi,

(sa hannu)
Mahaifin ɗan tsere mai lamba 46.