Hannun Hagun Baba Ilu

Daren Talata, watan Rajab, 1968

Na dawo daga garin Abu Hujar. An kawo tuwo, ban taɓa ba.

Na daɗe ina tara zaren da tsofaffin 'yan dambenmu suke ɗaure hannu da shi. Tunda ba su iya rubutu ba, duk wanda ya ba ni nasa yakan dangwala mini babban yatsan hannun dukansa a farin ƙyalle. Baba Ilu kaɗai ya rage, shi da ba a taɓa kayarwa ba.

Yau na iske shi can kwance bisa angarib, gadon igiya. Hannunsa na dama, na dukan, ya shanye tun kakar auduga, ya dunƙule, ko ɗiyarsa ta kasa buɗe shi. Na tsaya riƙe da kwalbar tawada.

Ya ce, "Ɗana, ga na hagu, in za ka karɓa."

Na shafa masa, ya dangwala. Ya jima yana duban tabon, sannan ya ce, "Wanga bai taɓa bugun kowa ba. Tare duka kawai ya sani."

Ƙyallen na gabana, ban haɗa shi da sauran ba. Gobe da asuba akwai ban ruwa a hawasha, gonar audugarmu.