Ruɓaɓɓen Turmi a Bakin Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Abban yara da yaran duka. Yaya shago?

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Maganar ba ta waya ba ce. Kin san Baba, ido ya yi rauni amma kunne kamar na zomo, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku.

Yaya, bakin Baba ya lalace. Allah ya yafe mini, wari yake yi. Ba irin na wanda ya tashi daga barci ba, irin na ɗanyen naman da aka manta a leda cikin rana. In yana mini magana sai na riƙe numfashi ina gyaɗa kai. Da safe matashinsa sharkaf da wani yawu ruwan ƙasa mai haɗe da jini, sai na ɗaure hanci kafin na cire rigar matashin. Na daina cin abinci a falo, ina ɗaukar kwanona na laɓe a kicin kamar ɓarauniya. Tsofaffin teloli, abokan sana'arsa, da ke cika masa benci a ƙofar gida duk sun janye. Mai Aski kaɗai ke zuwa, shi ma sai ya duba inda iska ke kaɗawa kafin ya zauna.

Da ƙyar ya yarda na haska da fitilar waya. Haƙoran gaba suna nan da ɗan tsaginsu na cizon zare, kin san su. Matsalar tana can ciki, a ƙasa ta hannun dama, turmi na biyu daga ƙarshe. Ya yi baƙi ƙirin, ya yi kogo, har ƙwayar shinkafa na gani a ciki, Allah kaɗai ya san ta yaushe ce. Dasashin ya kumbura ya yi jajir.

Na ce mu je asibiti, ya ce, "Haƙori ne fa, Auta, ba zuciya ba." Ashe ya riga ya je wajen wani a kasuwa, bayan layin masu gyaran takalmi, ana ce masa Mai Filaya. Wai ya turara masa hayaƙi a baki, ya sa shi ya tofa a kwano, ya nuna masa tsutsotsi farare. Baba ya dawo yana murna wai an kama ɓarayin. Yanzu kuma mutumin ya ce ya koma a cire haƙorin.

Ke yake jin maganarki. Don Allah ki hana shi.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki, Allah ya ba shi lafiya.

Takardarki ta iso, kuma ban ji daɗinta ba. Mutumin da ya share miki majina da bakin rigarsa, yau shi kike kwatantawa da nama a leda? Har kina gudun cin abinci kusa da shi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Koyarwar da kike yi a makaranta ta sa kina ganin kowa ƙazami ne, to uba ba ɗalibinki ba ne da za ki riƙa duba masa baki.

Batun asibiti kuwa, ban ga dalili ba. Za su yi ta wahalar da tsoho ne da layi da ɗaukar hoto, a ƙarshe su yi abin da mutumin kasuwar zai yi cikin ƙiftawar ido. Haƙorin da ya lalace cirewa ake yi a huta. Na yi magana da Baba a waya, na ce ya je, ke kuma ki raka shi. Kada ki ƙara masa da gardama.

Ga kanumfari nan, ya riƙa dannawa a wurin. Ga kuma kwalbar turare daga shagona, ki fesa a ɗakin tunda hancinki ya fi na kowa. Ni ba zan samu zuwa ba yanzu, kaya sun iso kuma ba mai tsare mini shago.

Ki riƙe girman iyaye, Allah ya yi miki albarka.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Na bi umarninki, na raka shi. Da ma ke kika je ki gani da idonki. Rumfa ce ta buhu, kujera ɗaya wadda maiƙon ƙeyar mutane ya mayar da ita baƙa. A kan tebur ya jera kwalabe cike da haƙoran bayin Allah, wasu da busasshen nama a jikinsu, wai talla ce. Filayarsa tana cikin wani gwangwani mai ruwa kamar na wankin kifi, ƙudaje na shawagi a kai. Muna isa ya gama da wani ɗan dako, ya tsoma filayar a ruwan nan, ya goge a cinyar wandonsa, ya ce, "Tsoho, bismillah."

Na ce, "Malam, ba za ka tafasa ta ba?"

Ya yi dariya, nasa bakin ma abin a kai shi gyara ne. Ya ce, "Hajiya, ƙarfe ba ya ɗaukar cuta."

Ya cusa yatsunsa a bakin Baba, farcensa baƙi. Ya danne masa goshi, ya murɗa, ya fizgo. Ya ɗaga haƙori sama yana nuna wa 'yan kallo. Yaya, fari tas, lafiyayye! Maƙwabcin ruɓaɓɓen ya ciro. Da na yi ihu, ko a jikinsa, ya ce ai shi ma ya kusa kamuwa. Ya sake komawa, na ji ƙas. Kan ruɓaɓɓen ya ɓare a filaya, sauran ya zauna a ciki. Wani abu ya fito, mugunya da baƙin jini, warin ya sa har mai gyaran takalmin da ke gefe ya tashi. Baba bai yi kuka ba. Ni kuwa na juya na amayar da duk abin da ke cikina a kan takalmina.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi. Kumburin ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi har wuya, ya yi tauri kamar katako. Baki ya ƙi buɗuwa, ko yawu ba ya iya haɗiyewa, sai dalala. Mai Aski ne ya taimaka mini muka sa shi a mota.

Likitar haƙorin mace ce, ba ta da yawan magana. Ta dube shi sau ɗaya ta ce a shiga da shi tiyata, don kumburin ya fara matse masa hanyar numfashi. Sun tsaga ƙarƙashin haɓa, sun zuƙe mugunya, sun tono guntayen da suka rage. Yanzu akwai 'yar roba a wurin tana ɗiga a cikin auduga, ni ke riƙe kwano in nas ta zo canzawa. Ba zan kwatanta miki launin ba.

Da ya samu barci, likitar ta kira ni ta nuna mini hoton muƙamuƙinsa. Ta ce babban mutum haƙora talatin da biyu gare shi: takwas na gaba masu yanka, fiƙa huɗu masu yaga, ƙananan turame takwas, sai manyan turame goma sha biyu masu niƙa. Abin da muke gani a baki kai ne kawai, saiwa na binne a cikin ƙashi. Farin ɓawon sama shi ne mai ƙarfi, na ƙarƙashinsa ya fi laushi, a tsakiya kuma akwai ɗan rami inda jijiya da jini suke. In ruɓa ta kai can, sai ta bi saiwa ta shiga ƙashi. Manyan turamen ƙasa saiwa biyu gare su, kuma duka biyun mutumin ya bar wa Baba a cikin mugunya.

Na tambaye ta tsutsar. Ta ce babu wata tsutsa a haƙori. 'Ya'yan wani tsiro ne suke ƙonawa, zafi ya fasa su, farin cikinsu ya faɗa ruwa kamar tsutsa. Shayin Baba mai sukari kamar zuma da rashin goge baki, su ne ɓarayin.

Ta ce da mun ƙara kwana ɗaya, da wani zancen ake yi. Turarenki yana nan, ban buɗe ba. Ki zo.

Auta

*

Auta ƙanwata,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Baba? Yaya gajiyarki?

Na san ba ki son ganin rubutuna, tunda kin ƙi ɗaga wayata. Kina da gaskiya. Na zo, na shiga ɗakin, ina kaiwa bakin gadon na toshe hanci da mayafi a gaban idon Baba, na fita da gudu na yi amai a baranda, na hau motar yamma ban yi wa kowa sallama ba. Na ce wa Abban yara jirin mota ne. Ke ba zan ce miki haka ba.

Auta, warin nan na san shi. Shi nake tashi da shi kullum a bakina.

Tun bara wani haƙori ke cina, a sama ta hagu, can ciki. Da farko ruwan sanyi ne ba ya so, daga baya ya hana ni barci, sai kuma ya yi shiru, na ce Allah ya yaye. Ashe ba haka ba ne. Wani ƙurji ya fito a dasashin, yana cika yana fashewa, in ya fashe sai na ji gishiri-gishiri da ɗoyi a harshena, in haɗiye don kada a ga ina tofarwa. Da gefe ɗaya nake tauna. Ina sayar da turare, amma in mai saye ya matso sai na kau da kai kamar ina neman wani abu a kanta. Ƙaramar 'yata ta ce, "Umma, bakinki na warin kwata," na mare ta. Abban yara kuwa ya koma kwana yana fuskantar bango.

Kanumfarin da na aiko wa Baba daga cikin nawa na ɗiba. Kuma da na ce ya je wajen mutumin kasuwa, akwai irinsa a nan kusa da tasha, ina jira ne na ji yadda Baba zai ƙare kafin na je. Asibiti nake tsoro, a buɗe bakina a gaban mutane a ga abin da ke ciki.

Da na ga wuyan Baba da robar nan, kaina na gani a kwance.

Ki tambayar mini likitar, ba tare da kin ce ni ce ba. Na uku ne daga ƙarshe in na lissafa da harshe. Shi ma cirewa za a yi? Kuncina ya fara nauyi ta wannan gefen.

Ki yafe mini, ki roƙar mini Baba.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Baba da sauƙi, an cire robar, an sallame mu. Yana shan shayi ba sukari yana tsine wa likita, yana cin burodin da aka jiƙa da dafaffen ƙwai. Warin ya tafi. Jiya teloli biyu sun dawo benci.

Na karanta takardarki sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta fi kwanon mugunyar nan tayar mini da zuciya. Wato Baba kika tura ya gwada miki zurfin ruwa? Kina can kina mini wa'azin hannun da ba a yankewa, alhali tsohon kika miƙa wa filaya don ki ga ko tana cizo? Lafiyayyen turminsa yana cikin kwalbar wancan ƙazamin yanzu, ana talla da shi. Shekaranjiya na bi ta layin, yana nan, har da layin mutane. Na kai ƙararsa ofishin lafiya, likitar ta rubuta mini abin da ta gani. Ban sani ba ko za su yi wani abu.

Kuma ki daina tunanin kin ɓoye. Da kika rungume ni a ƙofar asibiti na ji warin a ƙarƙashin turaren. Na ɗauka hancina ne ya riƙe na Baba.

Na tambayi likitar, kuma na ce mata yayata ce, don na gaji da rufa-rufa. Ta ce in lissafinki daidai ne, babban turmi ne na farko, na sama kuwa saiwa uku gare su, kuma suna dab da kogon da ke gefen hanci. Shirun da ya yi ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu take ruɓewa a ciki, ƙurjin kuma ƙofar da mugunya ta samu ce. Ta ce ba lallai a cire ba, wani lokaci ana wanke cikin saiwar a cike, amma sai ta gani. Nauyin kuncin ne bai yi mata daɗi ba. Ta ce kada ki wuce makon nan, kuma in kika je wajen na tasha, kada ki zo mata.

'Yar da kika mara, ki ba ta haƙuri. Gaskiya ta faɗa.

Ban iya roƙar miki Baba ba, karanta masa takardar na yi gaba ɗaya. Da na gama, ya ce na ba shi biro. Ga tasa nan a ciki.

Auta

*

Babbar 'yata,

Sallama da albarka.

Na ga lokacin da kika toshe hanci. Ban ji haushi ba. Ni ma da akwai inda zan gudu na bar bakin nan, da na riga ki fita.

Ba ke kika kai ni wajen mutumin ba, da ƙafata na fara zuwa. Ki bar wannan.

Ki rufe shago ki taho ranar Asabar. Allurar likita ba ta kai tsinin ta keken ɗinki ba. Ni zan raka ki, ni zan riƙe miki kwano. Auta ta ga abin da ya ishe ta, a bar yarinya ta ci abinci.

Babanku