Kun Ƙawata Rubutu, Ni Kuwa Likitocin Ido Sun Wuce Ni

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta ƴan asalin Kurfey mazauna Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a wani ƙauye kusa da Damana. Cutar yana ta rufe mini ido, ƙanena ke rubuta abin da nake faɗa.

Na ɗaya. Tun da gani ya ƙi, wayata ke karanta mini shafinku na intanet da murya. Takan bi kanun labarai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya shafe ni in buɗe. Bara kuka ɗauko wani gwani ya gyara shafin. Ya cire rubutun kanun, ya maye gurbinsa da hotunan haruffa masu lanƙwasa, wai don su yi kyau. Waya kuwa ba ta karanta hoto. Tun daga ranar, duk kan labarin da ta iso, abin da take ce mini ke nan, hoto. Masu ido ma ba su tsira ba: in rezo, wato layin intanet, ya yi rauni, farin fili suke gani.

Na biyu. Kun sallami mai shelar da ke zagaya kasuwanninmu, kuka ce shafi ya wadatar.

Na uku, wanda ya sa ni wannan wasiƙa. Bayan girbi kun kawo likitocin ido Filinge, suna cire yana kyauta. Sanarwar tana shafinku, ƙarƙashin ɗaya daga hotunan nan. Na wuce ta da yatsana ban sani ba. Sai da suka koma na ji labari a wajen jana'iza, daga bakin wani tsarana da aka yi wa aikin, yana ta yaba farar rigata. Ranka ya daɗe, sanarwar makafi kuka rubuta da abin da makaho ba ya iya ji. Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Ina roƙo ku mayar da rubutu na gaskiya a kanun, ko da mummuna ne. Ku mayar da mai shela. In likitocin za su dawo, ku aiko mutum ya faɗa mini da baki. Ina da jika da aka haifa bana, nauyinta kawai na sani.

Allah ya ƙara girma, ya bar muku idanunku har tsufa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mushe, daga ƙasar Tondikandiya