Kada Ki Bari a Sayar da Kekena

Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya maigidan naki, yaya aiki, yaya jikokina? Ina fata tarin 'yar autar ya lafa. Mu nan lafiya lau, in kin ɗauke ƙujewar gwiwa da kunyar da na sha.

Na san kin kira har kin gaji. Da gangan na ƙi ɗauka, don a waya kin fi ni baki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke yana raba wa jama'a wasiƙu, ai a bar shi ya rubuta tasa.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne, na faɗi. Muna atisayen doguwar tafiyar da ƙungiyarmu ta tsofaffin mahaya keke za ta yi zuwa madatsar ruwa. Mun wuce gidan mai na ƙarshe ke nan, sai zufa mai sanyi ta karyo min, hannuna ya kama rawa har ƙararrawa tana buga kanta, titi ya rabu biyu. Na gane baƙon nan take, suga ne ya sauka. Dama likita ya ja min kunne cewa mai allurar suga in ya daɗe yana motsa jiki hakan na faruwa, kuma kada in fita ba alewa a jikina.

Na cusa hannu a aljihu, sai na zaro ƙullin gyaɗa. Na kai gora baki, ruwan da na jiƙa da sukari ya zama ruwa zalla. Ina cikin mamaki na zame gefen hanya. Ban suma ba, amma abokina Tela ya rantse wai sai da na ce masa ya sa hannu ya karɓi saƙonsa. Shi ya ruga shago ya kawo lemon kwalba, na kurɓa har hankalina ya dawo.

Gyaɗar da ruwan duk aikin mahaifiyarki ne, ita ta musanya su. Shekara da shekaru baiwar Allah nan tana gadin bakina daga zaƙi. Na gaya mata likita ne ya ce in ɗauki alewa, sai ta yi min irin kallon da take yi miki a da, in kin ce malami bai ba da aikin gida ba. Kada ki ga laifinta. Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ta ɗaure keken da sarƙa a ɗakin ajiya, kuma na ji ke kika ce a nemi mai saye.

Uwata, kada ki yi min haka. In kuka raba ni da keken nan, kujerar ƙofar gida ce za ta cinye ni, ba suga ba. Tafiyar nan zan yi ta, amma na fi son in yi ta da yardarku.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Babanki.

*

'Yata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso. Na ga inda hawaye ya ɓata rubutun, na kuma ga inda kika danna biro har takarda ta huje. Na karɓi sharaɗinki: in kai mahaifiyarki wurin likita ta ji da kunnenta, sannan duk hukuncin da ta yanke a kan keken shi ke nan.

Mun je. Ta zauna ta rungume jaka kamar mai jiran a yi mata ƙarya. Likitan ya bi ta a sannu. Ya ce zaƙin da ta hana ni a gida ta yi daidai, amma a kan hanya shi ne maganin, gyaɗa kuwa kafin ta yi aiki mutum ya kai ƙasa. Ya gyara min yawan allurar da zan yi a ranar doguwar tafiya. Ya ce in gwada jini kafin in hau, in riƙa ɗan taɓa abinci a hanya tun ban ji komai ba, in kuma na ji alama in sauka nan take, in sha zaƙi, in jira, in sake gwadawa. Da ya lissafa alamomin ya zo kan saurin fushi ba dalili, sai ta ce to ashe tun da aka kawo ta gidana sugana a ƙasa yake. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau.

A baranda kuma ta fashe da kuka, wai saura ƙiris ta kashe ni da hannunta. Ni kuwa sai na riƙe mata jakar.

Ta kwance sarƙar, amma ta ce aro ne. Yanzu ita ke cika min aljihu da alewa, tana yi tana harara ta. Na tara abokan tafiya na koya musu alamomin. Ɗaya daga cikinsu, Tsohon Direba, ya ce shi bai ga yadda zai bambance ruɗewata ta ciwo da ta kullum ba. Ki bar shi, a kan tudu zan rama.

Hukuncinta sai bayan tafiyar. Ki taya ni da addu'a.

Mai ƙaunarki,
Babanki.

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke, ban da cinyoyina da ba su san da zaman lafiya ba.

An yi tafiyar. Zuwa lafiya lau, ina tafe ina gutsurar ayaba. A dawowa, a kan dogon tudun nan, na kamo Direba har ina jin hucinsa. A daidai nan leɓena ya fara tsuma, zufar nan ta tsatsafo. Wallahi zuciyata cewa ta yi in ƙarasa tudun tukuna, in wuce shi, sannan in sha alewar. Ba a taɓa yi min tayi mai daɗin wannan ba.

Na ja birki. Na sauka a gaban jama'a masu tafi, na zauna a dakalin wani shago, na gwada jini, na tauna alewa kamar ɗan makaranta. Tela ya tsaya tare da ni, na kore shi ya ƙi. Muna kallo kowa ya wuce, har da wani mai tari wanda keken ma ya fi shi lafiya. Na jira, na sake gwadawa, na ci burodi, sannan na hau.

Mu ne na ƙarshe. Mun tarar ana naɗe rumfa ana loda kujeru. Mahaifiyarki kaɗai ke zaune a kan tata, ta hana a ɗauka. Ba ta ce sannu ba. Ta kama yatsana ta gwada da kanta, ta daɗe tana kallon na'urar. Sai ta miƙe ta zagaya keken kamar mai shirin yi masa kuɗi. Ta danna tayar baya da babban yatsa, ta ce ta suɗe, kada in kuskura in fita mako mai zuwa ban canza ta ba.

Kin dai ji da kyau, mako mai zuwa ta ce.

Ki shafa min kan jikokina. Allah ya yi muku albarka.

Naki har kullum,
Babanki.