Fatar Ragon Baba

Zinatu,

Na fita kina barci, motar Kano ba ta jira. Sai jibi in Allah ya so.

Jiya da la'asar muna ɗaure fatun layya na ci karo da ta ragon mahaifinmu Baba, Allah ya jiƙan shi. Ina juya ta na ga huji uku na wuƙa. Shekara arba'in Baba yana fiɗa a Gummi, ban taɓa ganin ya huda fata ba. Ashe ranar Sallah hannunsa rawa yake, bai gaya wa kowa ba, ni kuwa ina tsaye ina riƙe masa ƙafar rago.

Na cire ta daga kaya, ba za ta je majema da sauran ba. Tana zaure bisa katako. Ki ƙara mata gishiri ta gefen nama, ki bar ta a inuwa, kada gashin ya zube. In na dawo za a jeme wa Inna ita, ta yi buzun salla.

In ta ga hujin ta tambaya, ki ce ni ne. Da ma ni ya kamata in karɓi wuƙar.

Yayanki,
Namadi