Fom ɗin da Na Cike Maka

Zuwa ga Abban Hanifa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma kwana arba'in ke nan ina takaba a hawa na biyar, daga ɗaki sai kicin, sai tagar da nake kallon jirgin ƙasa mai lamba huɗu yana wucewa. In ban rubuta ba, bango zan fara yi wa magana.

Hanifa lafiya lau, haƙoranta biyu sun fita. Hitar ɗumama ɗaki ta sake lalacewa. Matar Alhaji Sule ta ƙasanmu, 'yar Kumasin nan, kullum sai ta turo abinci, kullum kuma sai ta cika barkono.

Abokan tafiyarka sun zo gaisuwa, su huɗu, suka kawo jakar goyonka. Direbobin tasi, manya da gemu, wai masu yawon duniya a ƙafa! Ai na yi maka dariya ranar da ka saɓa jakar nan kana zagaya falo. Na ce mutumin da ke haki a matakalar gidanmu shi zai je tafkin da ke saman duwatsun Peru? Ka ce shekara goma kana ganin duniya ta gilashin mota, ka gaji.

Hotunanka suna nan a wayata. Tsibirin da aka saƙa da ciyawa yana lilo a kan ruwa. Maza zaune suna saƙa hula, abin da ya fi ba ka dariya. Tsohuwar da ta sauke ku a gidanta ta cika ku da miyar dankali. Malam Isa, abokin tafiyarka, ya ce a tsibiri na uku ciwon ciki ya kama ka, jirgin ruwa kuma sai washegari. Ka kwanta kana kallon fitilun gari a can ƙetare, babu hanyar zuwa. Me ka yi tunani a lokacin? Ka tuna da ni?

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Fom ɗin lafiya na masu shirya tafiyar, ni na cike maka, don ka ce rubutuna ya fi kyau. Akwai layin da ya tambayi ko akwai wani abu a jininka. Na san kai AS ne tun gwajin aurenmu. Na ce a raina ai wannan ba ciwo ba ne, kuma ina ruwan baƙo da jinin mijina? Na sa a'a. Likitan can ya ce ƙarancin iskar saman dutse ne ya tayar da ciwon da ke kwance a jininka. Da na sa e, wataƙila da sun hana ka, ka dawo kana min fushi na sati guda. Na san kwana ya ƙare, malamai sun faɗa min. Hannuna dai ya rubuta.

Da Malam Isa ya bugo yana neman izinin binne ka a garin bakin tafkin, na ce kada a ajiye Musulmi yana jira. Sai daga baya na tuna ba ni da takardun zama a ƙasar Turawan nan. Lauya ya ce in na fita ƙasar nan, ba za a bar ni in dawo wurin Hanifa ba. Ko na gama takaba, ƙofar da za ta buɗe min iyakarta titi. Wa zai tsaya a kan kabarinka?

Hanifa ce mai fasfo, don a nan aka haife ta. Shekararta bakwai, sai ka yi haƙuri ta girma. Na ajiye mata jakar, ban buɗe ba.

Jiya ta kawo fom daga makaranta, har da irin layin nan. Ita ma jininka ta ɗauko. Na sa e, na danna biro har ya huda takardar.

Ka yafe min. Allah Ya haɗa mu inda ba a tambayar takarda.

Taka, mai jira a hawa na biyar,
Maman Hanifa