Ƙafata Ba Ta Cikin Afuwar Kawu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mani, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ɗiyarki Hajo ce ke rubuto maki. Ina zaune a kan gadonki na igiya, don shi ne gajere, shi nake iya hawa yanzu.

Inna, ke a wurin hatsarin kika cika, ba ki ga abin da ya biyo baya ba. To bari in ba ki labari.

Kin dai tuna safiyar. Mun fito tsinkar auduga wajen Wad Haddad, mata maƙil a bayan boksin nan, ƙaramar motar kayan Sale ɗan Kawu Audu, wata kan cinyar wata. Kina ta yi mani faɗa na baro jarkar ruwa a gida. Wani lorin albasa ya mace a kan kwalta, direbansa ya jera duwatsu ya tafi shan shayi. Sale ya kauce ma lorin bai rage gudu ba, ga bas ɗin Sinnar ya taho ta gaba kamar an koro shi. Iyakar sanina ke nan. Na farka a asibitin Madani, babu ke, babu ƙafata ta hagu daga gwiwa.

Ina kwance can anka yi zaman makokinki. Mutanen mai lori sunka zo, na mai bas sunka zo, da buhun sukari da dattawansu masu manyan rawuna. Tun ba su buɗe baki ba Kawu Audu ya miƙe cikin rumfa, ya ce jinin ƙanwarsa an yafe shi don Allah, mu ba mu cin kuɗin gawa. Anka yi kabbara, anka shafa Fatiha. An ce Larabawan har hawaye sunka yi. Ɗanki Yaya Isa ya sunkuyar da kai ya bi ta Kawu. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni. Ya yi mani zafi, amma na haɗiye, don na san da za a tambaye ki haka za ki ce.

Sai ga shi afuwar ba ta ƙare a kanki ba. Ashe ƙafata ma ana so a cusa ta ciki.

Wata lauya da ke jinyar uwarta kusa da gadona ita ta buɗe mani ido. Ta ce in motoci uku sun haɗu, alƙali ke raba laifin, kowa ya ɗauki nasa. Mai lori yana cewa ai ya sa duwatsu. Mai bas yana cewa shi a hannunsa yake. Duk su biyun suna da ta'min, wato inshora, kamfani ne zai biya, ba aljihunsu ba. Sale ne nasa ta'min ɗin ya daɗe da ƙarewa bai sabunta ba, ga shi ya loda mutane a motar kaya. In na je mahkama, wato kotu, rabonsa a wuyansa zai faɗa, shi da ubansa. Boksin zai iya tafiya, wataƙila har da wani ɓangare na hawashar Kawu, gonarsa ke nan. A nan na gane gaggawar da Kawu ya yi cikin rumfa. Allah ya sani, ban ce babu Allah a zuciyarsa ba, amma Sale ma yana ciki.

Tun da na dawo gida ba a bar ni na huta ba. Goggo Asabe ta ce kakanninmu da ƙafa sunka taho daga Sakkwato ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Wallahi sai da na yi dariya. Da ƙafa fa, Inna! Ni da wace za ni? Wasu sun ce za a ce Hausawa sun zama makwaɗaita. Masu faɗin haka da la'asar suke zuwa, su sha kofi, su tashi. Ba mai tsayawa ya ga yadda nake rarrafe zuwa bayan gida. Uban yarana yana can wajen haƙar zinariya, waya ma sai an yi sa'a. Auduga ba a tsinkarta a zaune. Ƙafar roba akwai ta, likita ya ce zan iya komawa gona da ita, amma ba da Fatiha ake sayenta ba.

Ba na ƙin Sale. Taubashina ne, tun muna yara nake ce masa mai kan ƙwarya. Yanzu yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kasa kallona. Na faɗa masa gangancinsa na yafe har ga Allah, ba zan tsaya da shi ranar lahira ba. Amma abin da zan tsaya da shi a duniya, wannan ba zan bar masa ba.

Ke ma fa kina da hannu a taurin kaina. Ranar da akuyarki ta cinye ma Ta-Annabi kuɓewa, matar ta ce ba komi, ta yafe. Kika shiga lambunki kika tsinko taki tas, kika ɗora mani a ka. Kika ce, “Kai mata. Kunya ce ta sa ta yafe, miyarta ba ta yafe ba.”

Jiya dattawan sulhu sunka zauna, judiyya kamar yadda Larabawa ke cewa. Anka aiko in ba Yaya Isa wakilci. Na ɗauki sandunana na tafi da kaina har tsakiyar maza. Na yi sallama, na janye bakin zane na nuna masu dungulmin. Na ce ban yafe ba. Kawu ya kakkaɓe rigarsa, ya rantse ba zai ƙara taka gidan nan ba. Da na dawo ɗaki na yi kuka kamar raina zai fita, amma ban janye ba, kuma ba zan janye ba.

Gobe za ni mahkama. Duk masu motar garin nan sun ce ba su da wuri, don haka keken jaki zai kai ni bakin kwalta.

Innata, duk garin nan su juya mani baya, zan iya ɗauka. Ke ce ba zan iya ɗaukar fushinki ba. Kawu wanki ne, na sani, kuma kina son Sale kamar ke kika haife shi. In na ɓata maki, ki yafe mani. Jikokinki nake dubawa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe ma Sale, ya sanyaya zuciyar Kawu. Ni kuma ya ba ni haƙƙina, ya tsayar da ni.

Ɗiyarki mai bakin nan da kika sani,
Hajo